Ranar Da Baba Ya Bi Layin Gaisuwa

"Ɗauki ki gani."

Malam Inuwa bai ɗaga murya ba, ya dai turo wayarsa a kan darduma har ta taɓa gwiwar Sa'adatu. Duk wanda ya san tsohon hedimastan nan na Gyaɗi-Gyaɗi ya san gara ya yi ta faɗa da ya yi magana ƙasa-ƙasa haka.

Ta ɗauka ta duba.

Abdulmalik ne a hoton, saurayinta, mawaƙin ƙungiyar Tartsatsi, masu kiɗan nan na jita mai ƙara da ake ce wa rok. Yana rataye da jitarsa, sanye da baƙar jaket ɗin da ita da hannunta ta ɗinka masa a shagonta. Ga wata yarinya ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ta lumshe ido. Shi kuma, Allah ya shirye shi, haƙora duk a waje!

Ta gane yarinyar nan take. Rabi ce ta Unguwa Uku, shugabar masoyan ƙungiyar, wadda ta shekara biyu tana yi wa Abdulmalik shisshigi yana kaucewa. Ba sai an gaya wa Sa'adatu yadda hoton ya iso wayar Baba ba.

"Wannan ne mijin da kika zaɓa?"

"Shi ne, Baba."

"Au, har da bakin amsawa?" Ya cire tabarau ya ajiye. "Da ƙyar na haɗiye maganar kiɗan nan nasa mai fasa kunne, don kin ce yana salla, yana da tarbiyya. To Asabar ta sama da aka ce magabatansa za su zo neman aurenki, ki gaya masa su yi zamansu. Na rufe maganar."

Inna Jummai da ke tsaye bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

"Malam, a bi a hankali mana..."

"Jummai!"

Inna ta ja da baya.

Da wata ce da tuni ta ɓarke da kuka. Sa'adatu kuwa ba ta cikin masu kuka a gaban matsala, sai ta gama da ita tukuna. Zuciyarta na tafasa, kishi na cin ta, amma ta gyara zama ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka ba ni izini in yi bayani?"

"Ina jin ki."

"Wurin gaisuwa aka ɗauki hoton nan. Kafin kowane wasa suna sayar da tikiti na musamman. Wanda ya saya zai bi layi ya shiga wajensa, su gaisa na minti biyu, a yi musu hoto ya fito. Mutum ɗari ma sukan shiga a rana ɗaya."

Malam Inuwa ya kalle ta kamar ta yi masa wani yare.

"Gaisuwa... ake sayarwa?"

"E, Baba."

"Inna lillahi! Jummai, kina ji? Sannu da aiki ma yanzu sai da tikiti!"

"Gobe suna da wasa a Tarauni," Sa'adatu ta ci gaba. "Zan sayi tikiti biyu, nawa da naka. Ka zo ka tsaya a layi ka gani da idonka. Kai ka koya min ba a yanke wa ɗalibi hukunci da labarin wani. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, wallahi ba sai ka sake magana ba, ni da kaina zan sallame shi."

"Ke Sa'adatu, kin san me kike faɗa?" Inna ta tambaya.

"Na sani, Inna. Na san wanda nake so."

Malam Inuwa ya dubi 'yarsa. Sai ya miƙa hannu.

"Kawo wayarki. Ba zan je a shirya min wasan kwaikwayo ba. In ya ji labari, an gama."

Ta miƙa masa da hannu biyu.

*

Washegari bayan azahar a-daidaita-sahu ta sauke su a ƙofar wani ɗakin taro a Tarauni.

Kai jama'a! Samari da yagaggun wanduna, 'yan mata da gyale a kafaɗa da waya a sama, ga sautin gwajin ganguna yana girgiza har tagogin maƙwabta. A tsakiyar wannan duka sai ga dattijo da farin kaftani da hula zanna, ya rufe baki da hanci da takunkumi, yana tafe yana taɓe fuska.

Sa'adatu ta saya musu tikitin a bakin ƙofa da kuɗin ɗinkinta, ko gezau. Wadda ke ɗaura wa masu tikitin gaisuwa jan zare a hannu kuwa ba kowa ba ce, Rabi ce.

"Lale da amarya!" ta faɗa da murmushin da bai kai ciki ba. "Yau kuma ke ce da sayen tikiti? Ko an daina ɗaukar wayarki ne?"

"Ɗaura min zarena, Rabi. Aikinki ke nan."

Rabi ta dubi dattijon da ke bayanta, ta dubi idanunsa, sai murmushin ya ƙara faɗi. Ta gane shi sarai. Ta ɗaura masa zaren har da 'yar rusunawa, sannan ta miƙa wa wata sauran ta yi ciki da sauri.

Sa'adatu ta san wani makircin ta tafi ƙullawa, amma ba ta bari damuwarta ta nuna ba.

Ɗakin gaisuwar ƙarami ne, an yi layi a jikin bango. Can gaba ga Abdulmalik tsaye ƙarƙashin fitilun hoto masu kashe ido, jita a wuya, gabansa an ajiye wani dogon tebur. Gefe ga mai hoto, ga kuma Ɗanjuma, mai gangar ƙungiyar, ɗan Kudancin Kaduna da aka haifa a unguwar Daurawa. Shi ke riƙe da agogo da 'yar ƙararrawa, da minti biyu sun cika sai ya kaɗa.

Su ne kusan na talatin a layi, don haka Baba ya samu abin kallo.

Wani direban a-daidaita ya shiga da rigar aikinsa, ya riƙe hannun Abdulmalik yana hawaye. Wai waƙar Abdulmalik ce ta riƙe shi shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Abdulmalik ya zagayo ya rungume shi, ya tambayi sunan marigayiyar ya yi mata addu'a. Ƙararrawa ta kaɗa, ya ɗaga wa Ɗanjuma hannu alamar a ƙyale shi.

Baba ya gyara tabarau ya ci gaba da kallo.

Wata 'yar jami'a ta shiga tana tsalle.

"Wayyo Allah, Abdul! Don Allah ka aure ni!"

"Ayya ƙanwata, an riga ki," ya ce yana dariya daga bayan tebur. "Akwai wata tela a Gyaɗi-Gyaɗi, in ta ji ki sai ta ɗinke min baki."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Sa'adatu ta ja gyale ta rufe murmushinta.

"Ji min yaro," Baba ya yi ƙunƙuni. "Zancen 'yata ne abin ba da dariya a kasuwa?"

Murmushin ya koma inda ya fito.

Sai ga Rabi ta tsallake layi, wai ita shugaba ce. Ta ɗan waiwayo ta tabbatar dattijon na kallo, sannan ta fara zagaya tebur tana karairaya.

"Abdul, yau ma irin na rannan za mu yi..."

"Tsaya daga nan, Rabi." Fara'ar fuskarsa ta ɗauke. "Saboda ke aka kawo teburin nan. In hoto kike so, ga wurin tsayuwar kowa."

Rabi ta ja tsaki ta fice ko hoton ba ta tsaya ba.

Sa'adatu ta saci kallon Baba, ta ga fuskar nan tana nan yadda take.

"Don ya kori ɗaya a gaban mutane?" ya ce. "Ba a nan take ba."

Layi ya yi ta tafiya har ya zo kansu.

Baba ne a gaba. Fitila na dukan idon Abdulmalik, ba ya ganin na cikin layi sai sun matso. Ya ga namiji, sai ya yi abin da yake yi wa kowane namiji, ya miƙo hannu daga tsaye, murya a sake.

"Babban yaya! Ka zo lafiya? Me sunan..."

Baba ya sa yatsa ya sauke takunkumi.

Tab!

Hannun Abdulmalik ya sandare a iska. Tun da ya fara zuwa zance gidansu, bai taɓa yarda sun haɗa ido da Malam Inuwa ba, in ya hango shi a kan titi sauya hanya yake yi. Yau ga shi tsaye ƙerere, da yagaggen jins da sarƙa a wuya, ya miƙa wa uban budurwarsa hannu, ya kira shi babban yaya!

Ya dubi jan zaren da ke hannun dattijon. Ya dubi Sa'adatu a bayansa.

Sai kawai ya cire jita ya dangwarar a tebur, ya juya ya arce ta ƙofar baya.

Wallahi gudu na gaske, har yana ture kujera.

Ɗaki ya ruɗe, masu dariya na yi, masu ɗaukar bidiyo na yi. Malam Inuwa ya mayar da takunkuminsa a nutse.

"Kin gani ko? Ko tambayarsa ban yi ba. Wuce mu tafi."

Sa'adatu ta dubi ƙofar da Abdulmalik ya bi. Ita ta kawo Baba, ita ta yi rantsuwa, ga shi wanda ta tsaya wa ya watsa mata ƙasa a ido. Ta juyo ta fuskanci Baba.

"Baba, minti biyu-biyu muka biya, ba a ba mu ko ɗaya ba. Don Allah ka zauna. Ɗanjuma, ba wa Baba kujera."

Ba ta jira amsa ba ta bi ƙofar.

*

A bayan ɗakin ta same shi, tsugune kusa da janareta, ya haɗa kai da gwiwa.

"Abdulmalik!"

Ya ɗago a firgice.

"Sa'ata... me kika yi min haka? Baba fa! Baba a layi! Ya biya kuɗi don ya gaishe ni, ni kuma na miƙa masa hannu kamar abokina. Wayyo, ina ma ƙasa ta tsage in shige!"

"Ba za ta tsage ba. Tashi."

"Ba zan iya haɗa ido da shi ba, rabin raina. Dubi kayan jikina!"

"Rabi ta tura masa hotonku. Jiya ya fasa maganar aurenmu."

Ya miƙe zumbur.

"Ya fasa?"

"Ya fasa. Ni na roƙe shi ya zo ya gan ka da idonsa, na rantse masa in ya ga aibu ni zan rabu da kai. Kai kana ganin kunya ce ta kore ka, shi kuma ya ga marar gaskiya ya gudu." Muryarta ta ɗan karye, ta daure. "Ina son ka, Abdul, ka sani. Kuma hoton nan ya ƙona min rai, za mu yi maganarsa ni da kai. Amma in Baba ya fita daga ɗakin can ba ka dawo ba, ba zan karya rantsuwata ba."

"Sa'a..."

"Kana tsayawa gaban mutum dubu ka yi ihu da jita. Tsoho ɗaya ne zai gagare ka?"

Ya goge zufa. Ya cire sarƙar wuyansa ya cusa a aljihu, ya tuɓe takalmansa ya bar su nan jikin janareta.

"Mu je, masoyiyata. In ya mare ni ma na gode."

*

Da suka shigo, Baba na zaune a kan kujera yana duba agogonsa, masu layi sun yi cirko-cirko.

Abdulmalik ya tako ba takalmi, ya zagaye tebur, ya zube a gaban dattijon har gwiwarsa na bugun siminti. Wayoyi suka yi sama. Mawaƙin da hotonsa ke manne a kowace kwana ta Tarauni, ga shi durƙushe kai a ƙasa.

"Barka da rana, Baba. A gafarce ni."

"Me ya kore ka?"

"Kunya, Baba. Na miƙa maka hannu a tsaye."

"Hoton da aka turo min, haɗawa aka yi?"

Sa'adatu ta riƙe numfashi. Da ya ce e, babu mai ƙaryata shi a wurin.

"Ba haɗi ba ne, Baba. Ni ne. Ana cewa a yi murmushi ta kwanto min, ni kuma na ji nauyin ture ta a gaban mutane, na bari aka ɗauka. Kuskurena ne. Tun ranar na sa aka kawo tebur."

"Hmm. To wannan cinikin gaisuwar fa? In na ba ka 'yata, nawa zan riƙa biya in zan yi maka ina kwana?"

Wasu suka ƙyalƙyale. Abdulmalik ya ƙara sunkuyawa.

"Subhanallahi, Baba..."

"Za ka daina?"

Sa'adatu na ji kamar ta amsa masa, don ta san kalma ɗaya tak Baba ke jira.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, ba zan iya dainawa yanzu ba. Waƙoƙinmu kyauta ake ji a waya, ba mai saye. Mu bakwai ne a ƙungiyar, huɗu da iyali, da wannan muke ci. Wanda ya tare ni a hanya kuwa ban taɓa ce masa kawo ba. In na ce maka na daina don ka ba ni ita, gobe za ka ji na ci gaba, ka ga na ci amanarka tun ba a je ko'ina ba."

Ƙililin!

Kowa ya juya. Ɗanjuma ne tsaye da ƙararrawa a hannu, ido waje. Hannunsa ya saba, minti biyu na cika ya kaɗa wa dattijon ba tare da ya sani ba.

"Yesu! Baba, yi haƙuri, wallahi ba da gangan..."

"A'a, ka yi aikinka, ɗana." Malam Inuwa ya dafa gwiwa ya miƙe. "Na bayana ma kuɗi suka biya."

Sa'adatu ta tare gabansa a ladabce.

"Baba, akwai nawa minti biyun. Na ba ka."

"Riƙe kayanki. Na ga abin da na zo gani."

Ya dubi Abdulmalik da ke durƙushe har yanzu.

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa. Yara da yawa sun gudu da suka hango ni, amma mai laifi bai taɓa dawowa da ƙafarsa ba. Sana'ar nan taka dai har gobe ba ta burge ni, kada ka ce na ce."

Ya juya zai fita. Sa'adatu ta tsaya ta rasa inda maganar ta dosa. An yafe ne, ko an sallame su?

Mai hoto ne ya biyo shi da kyamara.

"Baba, ba a yi maka hotonka ba, yana cikin tikitin. Ka matso kusa da shi kaɗan."

Malam Inuwa ya tsaya cak, ya yi masa kallon ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

"Kai yaro, a garinku haka ake yi? Ina ka taɓa ganin mutum ya jera kafaɗa ya yi hoto da surukinsa?"

Surukinsa!

Wata daga cikin layi ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauka da tafi. Ɗanjuma ya hau kaɗa ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa. Hawayen da Sa'adatu ta riƙe tun jiya suka zubo, ta bar su, yanzu kam lokacinsu ya yi.

"Su zo Asabar ɗin da hantsi," Baba ya ƙara daga bakin ƙofa. "Ke kuma ina jiran ki a waje, kada ki daɗe."

Abdulmalik ya miƙe a hankali, idanunsa jajur, yana dariya yana share fuska.

"Sa'ata... kin kusa kashe ni yau."

"Kai ka kusa kashe ni, sarkin gudu."

"Saura naki minti biyun, gimbiya. Ɗanjuma, ajiye agogon nan."

Ta gyara gyalenta, ta kunce jan zaren hannunta ta ajiye masa a kan tebur.

"Ba wa na bayana, sun daɗe a tsaye. Ni ba minti biyu na zo nema ba, habibi. Duk sauran kwanakinka na zo karɓa."

Ta fita ta sami Baba a bakin titi yana tsayar da a-daidaita.

Wata uku bayan nan aka ɗaura auren Sa'adatu Inuwa da Abdulmalik a masallacin unguwarsu, bayan sallar Juma'a.